Isaac Roberts, Ɗan Kwangilar Da Ya Kwana Yana Gadin Tauraro Ɗaya

Da kwamitin mujalla ya aiko mini cewa ni zan cike shafin tarihin mazan jiya a fitowar bana, na san akasarinku za ku zaci wani sarki zan ɗauko, ko shehin malami, ko ɗan siyasar jamhuriya ta farko, kamar yadda aka saba. To, a yi mini afuwa, na saki hanya. Mutumin da na ɗauko Bature ne, magini, ɗan kwangila a birnin Liverpool na ƙasar Ingila, wanda ya rasu tun 1904, bai kuma taɓa zama a ajin jami'a ba. Sunansa Isaac Roberts. Shi ne ya fara ɗaukar hoton da ya nuna wa duniya ainihin siffar ɗan farin tabon nan na sama da ake kira Andromeda.

'Yan ajinmu ba za su manta da wannan tabo ba. Wani dare ne a zangon farko, sanyi ya fara shigowa, muna tsakiyar firef sai injin wuta ya tsaya. Maimakon a kora mu ɗakin kwana, sai malaminmu na labarin ƙasa ya tasa mu gaba zuwa filin ƙwallo. Ya nuna mana Kaza da 'ya'yanta, wadda kowa ya sani tun daga gida, sannan ya juyar da mu arewa ya ce mu ɗaga kai sosai mu nemi wani ɗan hazo. Waɗanda suka gani suka ce sun gani, waɗanda ba su gani ba su ma suka ce sun gani don kada a yi musu dariya. Ni dai na gani, amma ban ga abin a zo a gani ba, don ya fi kama da shafar yatsa mai maiƙo a jikin allo. Sai bayan shekaru, ina jami'a, na ci karo da hoton Roberts a wani tsohon littafi a laburare, sannan na gane girman abin da malam ya tsayar da mu cikin sanyi mu kalla.

An haifi Isaac Roberts ranar 27 ga Janairu, 1829, a ƙauyen Groes, kusa da garin Denbigh a arewacin yankin Wales. Mahaifinsa manomi ne. Harshen gidansu ba Ingilishi ba ne, harshen mutanen Wales ne, kuma bai yar da shi ba har ya mutu. Yana yaro iyayensa suka koma Liverpool, wanda a lokacin babbar tashar jiragen ruwa ce da ke cika tana batsewa da audugar Amurka da manjan Afirka ta Yamma, ko'ina ka duba gini ake yi. A 1844, yana ɗan shekara 15, aka ba da shi koyon sana'a na shekara bakwai a kamfanin magina na John Johnson. Da rana yana wajen aiki, da dare yana makarantar yamma, iyakar karatunsa na aji ke nan. A 1855 aka ba shi manajan kamfanin, a 1859 ya buɗe nasa, a 1862 kuma J. J. Robinson ya shigo suka yi haɗin gwiwa. Suka yi manyan kwangiloli a Liverpool da kewayenta, Allah ya buɗa masa, ya tara dukiya.

Abin da ya fara jan hankalinsa a ilimi ba sama ba ce, ƙasa ce. Wannan ba abin mamaki ba ne ga mutumin da kullum yana tsaye a kan ramin harsashi yana ganin yadda duwatsu suka kwanta hawa-hawa. A 1870 ya zama ɗan Ƙungiyar Masana Duwatsu ta Landan, ya yi bincike a kan yadda dutsen yashi na yankin Liverpool yake tace ruwan teku, da yadda ruwan rijiya yake hawa da sauka. Ya daɗe yana awon ruwa yana rubutawa, rana bayan rana. Wannan hali na awo da rubutawa, ba tare da gajiya ba, shi ya tafi da shi wajen taurari.

Yana gab da cika shekara 50, a 1878, ya mallaki madubin hangen nesa mai faɗin inci 7 a gidansa da ke Rock Ferry, a tsallaken kogin Mersey. A 1882 ya koma Maghull, wani ɗan gari a arewacin Liverpool, inda hayaƙi da fitilu ba su kai na birni ba. Shekara guda bayan haka ya fara gwada ɗaukar hoton taurari da irin gilashin kyamarar da masu hoto suke ɗaukar fuskokin mutane da shi. A lura fa, duk wannan yana yi ne alhali kamfaninsa na nan yana aiki, don sai a 1888 ya ajiye kwangila. Shekarun da wasunmu suke fara lissafin garatuti da fansho, a nan shi ya fara koyon sabon ilimi daga tushe.

Kafin mu ci gaba, ya kamata a san yadda al'amarin Andromeda yake kafin zuwansa. Mutum na farko da aka san ya rubuta labarin wannan tabo shi ne Abdurrahman al-Sufi, masanin taurari Bafarishe da ya yi aiki a Isfahan, a littafinsa na taurari tabbatattu wajen shekarar 964, inda ya kwatanta shi da ɗan ƙaramin gajimare. A 1764 Charles Messier na Faransa ya sa shi a jerinsa da lamba 31, shi ya sa har yau ake ce masa M31. Irin waɗannan tabo-tabo suna da yawa a sama, dubbai ne, kuma babu wanda ya san ko mene ne su. A 1845 wani basaraken Ireland, Lord Rosse, ya gina ƙaton madubi mai faɗin inci 72 a gidansa da ke Birr, ya hango cewa ɗaya daga cikinsu, M51, a murɗe yake kamar gammo. A 1847 George Bond a Harvard ta Amurka ya hango wasu baƙaƙen layuka biyu a jikin Andromeda, ya zana su kusan a miƙe.

Matsalar ita ce duk waɗannan zane ne da fensir. Mutum zai hau tsani cikin duhu ya leƙa, ya sauko ya zana abin da yake jin ya gani. Wani ya zo da nasa madubin ya zana daban, a yi ta musu a mujallu, kowa ya ce idonsa ya fi. Ga shi kuma idon ɗan Adam yana da iyaka: ba ya tara haske. Ko ka kwana kana kallon abu mai dishi-dishi, yadda ka gan shi da farko haka za ka gan shi da asuba. Farantin hoto kuwa kamar tulu ne da aka girka a ƙarƙashin indararo ana yayyafi. Ɗigo ɗaya ba komai ba ne, amma in aka bar shi awa uku ko huɗu sai a tarar da ruwa. Farantan da aka saba amfani da su a da jiƙaƙƙu ne, cikin 'yan mintoci suke bushewa su lalace. Sai bayan 1871, da wani likita Richard Maddox ya fito da dabarar busasshen faranti, aka kuma yi ta inganta shi, sannan aka sami abin da zai iya jure awoyi yana shan haske. Henry Draper a Amurka ya ɗauki hazon Orion a 1880, Andrew Common a Landan ya ɗauki wanda ya fi shi kyau a 1883. Su biyun ma ba ma'aikatan wata cibiyar taurari ba ne, sha'awa ce kawai da kuɗin aljihunsu.

Roberts ya duba wannan fage da idon ɗan kwangila. Ya yi gwaje-gwaje, ya kwatanta sakamako, sannan ya yanke shawarar irin kayan aikin da yake so, ya ba Howard Grubb na birnin Dublin aikin ƙera su. A 1885 aka kafa masa madubi mai faɗin inci 20, wato kimanin rabin mita, gilashi ne mai ɗan zurfi kamar tasa wanda aka shafe da azurfa. A yadda aka saba, hasken da babban madubi ya tattaro yakan faɗa kan wani ƙaramin madubi ya karkata zuwa idon mai kallo. Shi sai ya ce a cire wannan ƙaramin, a ɗora farantin hoto a daidai inda hasken yake haɗuwa, don kada a yi asarar ko ɗigo. Sannan ya sa aka ɗaura tsohon madubinsa mai inci 7 a kan ƙarfe ɗaya da babban, su riƙa juyawa tare. A nan dabarar take.

Ga dalili. Duniya tana juyawa, saboda haka taurari suna tafiya daga gabas zuwa yamma, digiri 15 a kowace awa. In ka buɗe faranti ka bar madubi a tsaye, ba taurari za ka samu ba, zane-zane za ka samu kamar kaza ta yi tono. Don haka akan haɗa madubin da wani inji irin na agogo, mai aiki da nauyi, ya riƙa juya shi a hankali yana bin sama. To, amma babu injin da ba ya kuskure, ga iska tana kaɗawa, ga ƙarfe yana motsi in sanyi ya kama shi. Dole sai mutum ya zauna ya sa ido a ƙaramin madubin, inda aka gicciya wasu siraran zare biyu, ya zaɓi tauraro ɗaya ya ajiye shi daidai kan mahaɗar zaren. Da ya ga ya fara gocewa sai ya taɓa ya maido shi. Haka zai yi ta yi awa uku, awa huɗu, ba fitila, ba tashi, ba gyangyaɗi, rufin ɗaki a buɗe, a cikin hunturun Ingila wanda sanyin Jos wasan yara ne a kansa. In ya yi sakaci na minti ɗaya, ko gajimare ya taso a awa ta uku, aikin dare ya tafi a banza, sai kuma wani daren. Mu da muka yi gadin jarrabawa na awa biyu muka fito muna ƙorafin ciwon baya, sai mu auna.

A 1886 ya fara nuna sakamako. Ya bar faranti awa uku a kan Kaza da 'ya'yanta, sai ga shi taurarin nan da muke gani tas-tas ashe a lulluɓe suke da wani siririn hazo mai faɗi wanda ido bai taɓa ganin iyakarsa ba. Da farko niyyarsa ita ce ya ɗauki taswirar dukkan taurarin arewa, har ya fara. Sai aka yi babban taro a birnin Paris a 1887, inda cibiyoyin gwamnatoci suka raba wannan aiki a tsakaninsu. Ya ga ba shi da dalilin yin takara da su, sai ya bar musu ƙidayar taurari ya koma kan abin da suka bari, wato tabo-tabon nan masu hazo. A ganina wannan ita ce shawara mafi kyau da ya yanke a rayuwarsa. Aikin taswirar na cibiyoyi ya ci shekaru da dama, wani ɓangarensa ma ba a taɓa kammala shi ba, shi kuwa cikin shekara biyu ya gama abin da ake tunawa da shi.

Ya fara gwada Andromeda a watan Oktoba na 1887, ya sake a shekara mai zuwa. Daren 29 ga Disamba, 1888, ya bar faranti a buɗe awa huɗu cur. Da ya wanke shi, abin da ya fito ba tabo ba ne. Wani abu ne mai kama da faifai da aka karkata, tsakiyarsa fari fat, ga zobba suna kewaye shi ɗaya bayan ɗaya har suka ɓace cikin duhu. Baƙaƙen layukan nan da Bond ya zana a miƙe ashe lanƙwasassu ne, su ne ratar da ke tsakanin zobban. A gefe kuma ga wasu ƙananan tabo biyu kamar 'yan rakiya. Da aka nuna hotunansa na Andromeda a Ƙungiyar Masana Taurari ta Ingila, mutanen da suka shekara talatin suna leƙen wannan abu da idonsu suka ga siffarsa a karo na farko. Gani ya kori ji, musun masu zane ya ƙare.

Sai dai kash, da ya zo faɗin ma'anar abin da ya ɗauka, sai ya kuskure. Tun 1796 masanin lissafi Laplace na Faransa ya kawo ra'ayin cewa rana da duniyoyinta sun samu ne daga wani ƙaton gajimare mai juyawa, wanda ya riƙa tsukewa yana yar da zobba, kowane zobe ya dunƙule ya zama duniya. Roberts ya dubi hotonsa ya ga tsakiya mai haske, ya ga zobba, ya ga 'yan rakiya biyu, sai ya ɗauka ga ra'ayin Laplace nan ƙiri-ƙiri: wata sabuwar rana ce ake haifa, ƙananan biyun kuma sun kama hanyar zama duniyoyi. Ba shi kaɗai ba, yawancin masanan lokacin haka suka fahimta. Akwai ma abin da ya ƙara ruɗa su. A watan Agusta na 1885 wani sabon tauraro ya bayyana kwatsam kusa da tsakiyar Andromeda, mai haske ƙwarai. Suka ce in da abin yana da nisa sosai, ai tauraro ɗaya ba zai yi wannan haske ba, saboda haka kusa yake. Ba su san cewa akwai taurarin da kan fashe su yi hasken rana miliyan dubu ba.

Gaskiyar ba ta fito ba sai bayan rasuwarsa. A 1912 Vesto Slipher a Amurka ya auna ya ga Andromeda tana tahowa wajenmu da gudun kilomita 300 a daƙiƙa, gudun da ya yi wa ɗan gajimaren cikin gida yawa. A wannan shekarar dai Henrietta Leavitt ta Harvard ta fitar da ƙa'idar wasu taurari masu ƙara haske su rage a kan lokaci, wadda da ita za a iya sanin nisansu. A 1920 aka yi muhawara a Washington tsakanin Harlow Shapley da Heber Curtis a kan ko waɗannan murɗaɗɗun abubuwa na cikin gidanmu ne ko na waje, aka tashi ba a daidaita ba. Sai a watan Oktoba na 1923 Edwin Hubble, da madubi mai inci 100 a kan dutsen Wilson a California, ya kama irin tauraron Leavitt a cikin Andromeda, ya yi lissafi. Ashe birni ne guda na taurari, kamar farar hanyar nan tamu da ke ratsa sama da daddare, wadda ranarmu tauraro ɗaya ce kawai a cikinta. Awon zamani ya nuna nisansa ya kai tafiyar haske ta shekara miliyan biyu da rabi, shi kuwa haske kilomita 300,000 yake ci a daƙiƙa. Taurarin cikinsa ana ƙiyasta su da kusan tiriliyan guda. 'Yan rakiyar nan biyu da Roberts ya zaci duniyoyi ne, kowannensu ƙaramin birni ne mai taurari bila adadin.

Wannan kuskure bai rage darajarsa a idona ba, kuma aikin ofis ne ya koya mini dalili. Duk wanda ya taɓa buɗe tsohon fayil ya san abu biyu ne a ciki: akwai takardar asali mai kwanan wata da sa hannu, akwai kuma ra'ayin da jami'in lokacin ya rubuta a gefe. Bayan shekara ashirin ra'ayin yakan zama abin dariya, amma takardar, in an adana ta da kyau, ita ce za ta raba gardama. Roberts mai adana takarda ne. Kowane faranti yana rubuta ranar da aka ɗauke shi, da tsawon lokacin da aka bar shi a buɗe, da wurin da madubi ya fuskanta, da niyyar waɗanda za su zo daga baya su kwatanta da nasu su ga ko wani abu ya motsa. Har wata na'ura ya ƙirƙiro ta sassaƙa matsayin taurari daga faranti zuwa kan tagulla, don tsoron kada hoton ya dushe da tsufa.

Bayan Andromeda bai huta ba. A 1889 ya ɗauki M51, gammon nan na Lord Rosse, hoton ya tabbatar da cewa basaraken bai yi ƙarya ba. A shekarar dai ya juya wajen taurari bakwai ɗin nan masu siffar ludayi da muke gani a arewa da bazara, ya kama M81 da M82 a kan faranti ɗaya. Na farko ya fito da hannuwansa a murɗe, na biyu kuwa siriri ne kamar sigari, da tsaga-tsaga a jikinsa. Bai san cewa hoton iyali ya ɗauka ba. Yanzu an san su biyun su ne manya a wani rukuni mai birane sama da 30, a nisan tafiyar haske ta kimanin shekara miliyan 12, kuma sun taɓa gilma wa juna kusa-kusa, janyewar babban ce ta hargitsa ƙaramin har yake ƙyanƙyasar sababbin taurari ba ƙaƙƙautawa. Wani abin sha'awa, a 1993 da wani tauraro ya fashe a cikin M81, wanda ya fara ganinsa ɗan sha'awa ne a ƙasar Sifen, ba ma'aikacin wata cibiya ba. A 2014 kuma da wani ya fashe a M82, wani malami ne da ɗalibansa a Landan suka gano shi suna tsakiyar darasi.

Hayaƙin masana'antu da gajimaren Liverpool sun ishe shi, saboda haka a 1890 ya kwashe kayansa ya koma kudu, garin Crowborough a yankin Sussex, kan wani tudu mai tsawon wajen ƙafa 800. Ya sa wa gidan suna Starfield, wato filin taurari. A shekarar aka zaɓe shi cikin Royal Society, babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila. A 1892 jami'ar Dublin ta ba shi digirin girmamawa, a 1895 kuma Ƙungiyar Masana Taurari ta ba shi lambarta ta zinariya. Ya buga hotunansa a littafi mai juzu'i biyu, na farko a 1893, na biyu a 1899. A nan ya kamata a ambaci wani mutum, W. S. Franks, wanda ya ɗauka aiki a 1892. Da yawa daga cikin hotunan da aka ɗauka a Starfield, Franks ne ya kwana yana gadin tauraron, amma sunan maigida aka sani. Ƙananan ma'aikatan da ke cikinmu ba sa bukatar in yi musu ƙarin bayani.

Ba a rasa shi da taurin kai ba. Akwai wani masani Ba'amurke, Edward Barnard, wanda shi da gilashin kyamara mai faɗin gani yake ɗaukar sama, yana samun wani siririn hazo mai faɗi a wuraren da madubin Roberts bai nuna komai ba. Roberts ya tsaya kai da fata cewa kayan aikinsa sun fi, abin da bai fito a farantinsa ba kuma da wuya ya yarda akwai shi. Suka yi ta ja-in-ja a mujallu. Ya bi wurare 52 da William Herschel ya ce ya hango hazo a cikinsu tun ƙarni na 18, ya ɗauki hoton kowanne, ya ce huɗu kawai ya samu. Lokaci ya nuna cewa a zancen hazo mai faɗi Barnard ya fi shi gaskiya, don madubin da ya dace da ƙaramin abu mai nisa ba lalle ya dace da abin da ya bazu ya cika faranti ba. Ya kuma taɓa ɓata darare da yawa yana neman wata duniya a bayan Neptune, bai samu ba, ya fito ya rubuta cewa bai samu ba.

A 1896 masana suka yi jirgin ruwa zuwa Vadso a arewacin Norway don kallon husufin rana. Gajimare ya rufe, ba su ga husufin ba. Amma a cikin jirgin Roberts ya haɗu da Dorothea Klumpke, haifaffiyar San Francisco wadda take aiki a cibiyar taurari ta Paris. Ba ƙaramar mace ba ce: ita ce shugabar ofishin da ke awon farantan taswirar nan da ya bar wa cibiyoyi, kuma a 1893 ta sami digirin dakta a lissafi a Sorbonne da bincike a kan zobban Saturn, mace ta farko da ta yi haka a can. A 1901 suka yi aure, aurensa na biyu ke nan, yana da shekara 72 ita tana da 40. Ta bar aikinta ta koma Starfield tana auna farantansa.

Zaman bai kai shekara uku ba. Ranar 17 ga Yuli, 1904, ya rasu kwatsam a gidansa yana da shekara 75. Ya bar kaso mai tsoka na dukiyarsa ga jami'o'in Liverpool da Bangor da Cardiff don tallafa wa ɗalibai, shi da bai sami shiga ko ɗaya ba. Dorothea ta kwashe farantan gilashin nan ta koma da su Faransa, ta zauna a kansu shekara 25 tana awo tana jerawa. Da aka cika shekara ɗari da haihuwarsa, a 1929, ta fitar da littafin taswirar wuraren nan 52 da sunansa. Ta rasu a San Francisco a 1942. Madubinsa mai inci 20 ya koma hannun Gidan Tarihin Kimiyya na Landan, akwai kuma wani rami a bayan wata da aka sa wa suna Roberts, don tunawa da shi da wani takwaransa. An kai tokarsa maƙabartar Flaybrick a Birkenhead, a tsallaken kogi daga birnin da ya yi kwangila, aka kafa dutse aka sassaƙa siffar Andromeda a jikinsa.

A yau masu wannan sha'awa sun huta da gadin zare. Kyamarar zamani takan ɗauki gajerun hotuna ɗari ko fiye, kwamfuta ta ɗora su kan juna, wata 'yar na'ura kuma ita ke bin tauraron, mai kayan yana ɗaki yana shan shayi. Da madubin da bai kai rabin na Roberts ba mutum zai fitar da M81 da 'yan'uwansa har da launi. Andromeda kuwa ba ta bukatar komai sai ido da duhu. Idan muka haɗu a taronmu na ƙarshen shekara, in babu farin wata kuma ƙurar hunturu ta yi sauƙi, duk mai so ya same ni a filin ƙwallo bayan sallar isha'i. Za mu fuskanci arewa mu nemi taurari biyar masu siffar harafin M, sannan mu ɗaga kai sama da su kaɗan. Kada a dube shi kai tsaye, a ɗan kau da ido gefe, ya fi fitowa. Wanda yake da tabarau mai hangen nesa ya taho da shi, a kuma roƙi mai kula da injin wuta ya ba mu rabin awa.